Fashin Baƙi: Shin Teku Ne Ya Dawo Karɓar Demak, Garin Waliyyan Jawa?

A watan Maris na 2024, ana tsakiyar azumi, hotunan wani gari na ƙasar Indonesiya suka cika intanet. Ruwa ya malale babban filin da ke gaban tsohon masallacin garin, ya shiga harabar kabarin Sunan Kalijaga ("Sunan" laƙabin girmamawa ne a Jawa), ɗaya daga cikin malaman da suka kafa Musulunci a tsibirin Jawa, ya kuma datse babbar hanyar da manyan motoci ke bi daga Semarang zuwa Surabaya. Sunan garin Demak. Tare da hotunan aka riƙa yaɗa taswira biyu a jere: ɗaya tana nuna wani mashigin teku da ya taɓa ratsa yankin a zamanin da, ɗayar kuma hoton tauraron ɗan'adam ne na inda ambaliyar ta kwanta. Kamar an ɗora wannan a kan wancan. Nan take magana ta bazu cewa mashigin Muria ne ke dawowa, teku ya zo karɓar kayansa.

Tambayar ke nan: da gaske teku ne ke dawowa? Idan kuma ba shi ba ne, me ke cin Demak, kuma a wuyan wa alhakin yake? Ba a iya amsa wannan sai an san yadda ƙasar ta samu, da wanda ya mulke ta, da yadda aka yanka ta gunduma-gunduma a yau.

Da farko, mece ce "kabupaten"?

Demak suna ne na gari, kuma suna ne na yankin mulki da garin yake hedikwatarsa. Irin wannan yanki shi 'yan Indonesiya ke kira kabupaten, wato ƙasar da bupati ke riƙe da ita. Turawan Holan da suka mulki ƙasar sun kira bupati da sunan regent, shi ya sa wanda ya ci karo da kalmar a rubutun Turanci yakan zaci wata masarauta ce da mai riƙon ƙwarya ke jagoranta. Ba haka ba ne. Bupati na yau ɗan siyasa ne da ake zaɓa da ƙuri'a na wa'adin shekara 5. Wadda ta hau kujerar Demak a 2021 mace ce, likita, mai suna Eisti'anah.

Indonesiya tana da larduna 38. A ƙarƙashinsu akwai kabupaten 416 da birane 98, jimilla 514. Lardin Jawa ta Tsakiya, inda Demak take, yana da kabupaten 29 da birane 6. Mai karatu a Najeriya zai so ya kwatanta ta da ƙaramar hukuma, kuma kwatancen ya kama hanya, sai dai kabupaten ta fi ƙaramar hukuma girma da ƙarfi nesa ba kusa ba. Demak kaɗai ta haura mutum miliyan 1.2 a ƙidayar 2020. Tana da majalisar dokokinta, da kasafin kuɗinta da mafi yawansa ke zuwa kai tsaye daga Jakarta, kuma ita ke riƙe da makarantun firamare da ƙananan sakandare, da asibitocin yanki, da hanyoyin cikin gida.

Wannan ƙarfi ba tsoho ba ne. Bayan faɗuwar Shugaba Suharto a 1998 aka yi dokar raba iko ta 1999, wadda ta fara aiki a 2001. Da gangan aka tsallake larduna aka miƙa ikon ga kabupaten, domin ana tsoron lardi mai ƙarfi zai iya neman ɓallewa. Daga 2005 jama'a suka fara zaɓen bupati da hannunsu. Sai kuma dokar 2014 ta zo ta janye wasu abubuwa ta mayar wa larduna. A riƙe wannan shekarar, za mu dawo kanta.

Ƙasar da koguna suka haifa

Masu cewa akwai teku a nan a da ba ƙarya suka yi ba. Dutsen Muria, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 1,600 kuma yake arewa maso gabas da Demak, tsibiri ne mai zaman kansa a zamanin da. Tsakaninsa da sauran Jawa akwai mashigin ruwa da jiragen fatake ke ratsawa don yanke hanya. Garin Demak a bakin wannan mashigi ya tashi, kuma abin da ya ba shi arziki ke nan: shinkafar cikin ƙasa tana gangarowa ta koguna, jiragen ruwa suna kwasa zuwa Malaka da tsibiran kayan yaji.

Amma kogunan da suka kawo shinkafar su ne suka kashe tashar. Tuntang, wanda ke fitowa daga tafkin Rawa Pening, da Serang, da Lusi, duk shekara suna kwaso laka daga tuddai suna jibgewa a mashigin. Zuwa ƙarni na 17 ya cike har manyan jirage ba sa iya wucewa, ciniki ya koma Jepara. Inda jirage ke bi ya zama fadama, fadama ta zama gonakin shinkafa. Yau wanda ke tsaye a ƙofar masallacin Demak sai ya yi tafiyar kilomita da dama kafin ya ga teku.

Ma'anar wannan ita ce yawancin ƙasar Demak ɗanyar laka ce, 'yar shekaru ɗaruruwa, wadda ba ta gama zama ba. Gundumomin arewa ba su wuce mita 3 a saman teku ba, wasu wuraren ma daidai suke da shi. Sai can kudu, wajen Mranggen da Karangawen, ƙasa take ɗan tasowa. Irin wannan ƙasa tana da albarkar noma, shi ya sa Demak take cikin rumbunan shinkafar Jawa ta Tsakiya, amma kamar soso take: in aka matse ruwan cikinta sai ta lotsa.

Daular da ba ta daɗe ba amma ta bar suna

Abin da ya sa ambaliyar Demak ta taɓa zukatan Musulmin Indonesiya fiye da ta wani gari shi ne nan ce daular Musulunci ta farko mai ƙarfi a Jawa. Raden Patah ya kafa ta a ƙarshen ƙarni na 15, kusan zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. Labarin gargajiyar Jawa yana cewa ɗan sarkin Majapahit ne, daular Hindu da Buddha da ta mamaye yankin kafin nan, mahaifiyarsa 'yar Sin ce, ya tashi a Palembang, ya yi karatu a wajen Sunan Ampel, sannan malaminsa ya tura shi ya sari dajin Glagah Wangi ya kafa gari. Labarin ya sa faɗuwar Majapahit a 1478. Masana tarihi na zamani suna ganin abin ya ɗauki lokaci, domin ragowar daular ta ci gaba da zama a Kediri har wajen 1527. Ita kuwa gwamnatin Demak ta ɗauki 28 ga Maris 1503 a matsayin ranar kafuwarta, kuma duk shekara tana bikin ranar.

Sarakuna kaɗan aka yi, amma sun yi motsi. Bayan Turawan Fotugal sun kama Malaka a 1511, Pati Unus ya haɗa jiragen yaƙi daga Jepara ya tasar musu a 1513. Bai yi nasara ba, amma Jawawa suna tunawa da shi da laƙabin yariman da ya ƙetara arewa. A zamanin Sultan Trenggana, daga 1521 zuwa 1546, daular ta kai ƙololuwa. Kwamandansa Fatahillah ya kama tashar Sunda Kelapa a 1527 ya sa mata suna Jayakarta, wadda ita ce Jakarta ta yau. Da Trenggana ya rasu a fagen yaƙi a gabashin Jawa, rikicin gado ya ɓarke a gidan, aka kashe magajinsa Sunan Prawoto, daga baya mulki ya koma Pajang a cikin ƙasa, daga can kuma ya koma Mataram. Ko shekara ɗari ba a cika ba.

Abin da ya rage shi ne masallacin. Ana danganta gininsa da shekarar 1479, da kuma Wali Songo, waliyyai tara da ake jingina musuluntar Jawa gare su. Ba shi da ƙubba. Rufinsa hawa uku ne, ɗaya bisa ɗaya, kuma malaman wurin suna fassara su da imani, Musulunci da ihsani. Ginshiƙai huɗu na katako ke ɗauke da shi, kuma ana cewa na Sunan Kalijaga daga guntattakin itace aka harhaɗa shi aka ɗaure. Wannan fasali shi masallatai da yawa a Indonesiya da Malesiya suka kwaikwaya. A bayan masallacin kaburburan sarakunan suke. Duk ranar 10 ga Zulhajji ana bikin Grebeg Besar, inda ake tattaki zuwa unguwar Kadilangu, wurin da kabarin Sunan Kalijaga yake, a wanke kayan gadonsa. Motocin masu ziyara ba sa yankewa dare da rana, kuma dubban masu ƙananan sana'o'i da su suke ci. Shi ya sa ake wa Demak kirari da Kota Wali, birnin waliyyai.

Daga gadon sarauta zuwa teburin ma'aikaci

A ƙarƙashin Mataram, Demak ta koma yanki ɗaya daga cikin yankunan gaɓar arewa, da bupati mai kai gaisuwa da haraji fada. A shekarun 1740 sarkin Mataram, Pakubuwono na Biyu, ya miƙa gaɓar arewa ga kamfanin cinikin Holan. Da kamfanin ya rushe a 1799 gwamnatin Holan ta gaje shi. A 1808 Gwamna Daendels ya sa aka yi doguwar hanya ta kusan kilomita 1,000 daga Anyer zuwa Panarukan da aikin tilas, ta ratsa Demak. Ita ce asalin hanyar Pantura, wato babbar hanyar gaɓar arewa da ruwa ke datsewa yau.

Turawan ba su kori bupati ba. Sun bar masa laimarsa ta girma da fadawansa, suka ajiye Bature a gefensa wanda a ƙa'ida zai riƙa ɗaukarsa kamar ƙaninsa. Wanda ya san yadda Razdan da Di'o suka zauna da sarakunanmu ba ya bukatar dogon bayani. Ta hannun bupati da dagatai aka aiwatar da tsarin noman dole da aka shigo da shi a 1830, inda manomi ke ba da wani ɓangare na gonarsa da ƙarfinsa don amfanin gonar da za a sayar a Turai. A ƙarshen shekarun 1840 rashin amfanin gona ya haɗu da wannan nauyi da haraji, yunwa mai tsanani ta faɗa wa Demak da maƙwabciyarta Grobogan. Mutane da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Labarin ya kai majalisar Holan, ya zama hujja a hannun masu sukar tsarin.

Bayan yunwar ne Turawa suka duƙufa kan gina madatsu da magudanan ban ruwa a yankin, suka karkatar da koguna, suka yi musu ganuwa ta ƙasa a gefe da gefe. Wannan aiki ya ciyar da jama'a, ba a musun haka. Amma ya canza wani abu da ba a lura da shi ba a lokacin: kogin da aka killace ba ya sake malala ya zuba sabuwar laka a kan fili. Lakar sai ta taru a cikinsa, gindinsa ya yi ta tasowa, har ya zama a wasu wurare ruwan kogi ya fi rufin ɗakunan da ke gefensa tsawo idan ya cika.

Akwai wani bupati na wancan zamani da ya cancanci a ambata, Pangeran Ario Tjondronegoro na Huɗu, wanda ya ɗauko malami ya koyar da 'ya'yansa ilimin zamani tun ana ganin abin baƙo ne. Jikarsa ita ce Kartini, wadda Indonesiya ke tunawa da ita duk 21 ga Afrilu saboda fafutukar ilimin mata.

Yadda aka yanka Demak a yau

Demak tana iyaka da birnin Semarang ta yamma, da Jepara da Tekun Jawa ta arewa, da Kudus ta gabas, da Grobogan ta gabas da kudu, sai kabupaten ta Semarang ta kudu. An raba ta gundumomi 14 da ake kira kecamatan, kowace da camat, wanda ma'aikacin gwamnati ne da bupati ke naɗawa, ba zaɓaɓɓe ba.

Huɗu ne ke bakin teku: Sayung, Karangtengah, Bonang da Wedung. Bonang ce ke da tashar masunta ta Morodemak, Wedung kuma an san ta da gishiri. Mranggen, wadda ta fi kowace yawan jama'a, a takarda ta Demak ce amma a zahiri unguwar Semarang ce, ma'aikata suna kwana a nan su yi sammako birni. Karangawen da Guntur suna kusa da ita. Dempet, Kebonagung, Wonosalam, Gajah da gundumar Demak kanta su ne tsakiyar noman shinkafa. Mijen tana noman jar albasa. Karanganyar ce ƙofar gabas, kogin Wulan ne ya raba ta da Kudus.

A ƙasan gundumomin akwai desa 243 da kelurahan 6, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba na suna ba ne kawai. Kelurahan unguwar birni ce da ma'aikacin gwamnati ke shugabanta. Duk shidan suna cikin gundumar Demak, cikinsu har da Bintoro inda masallacin yake da Kadilangu. Desa kuwa ƙauye ne mai ɗan 'yancin kansa: jama'a ke zaɓen shugabansa, yana da filayen gandu, kuma tun 2015 yana samun kaso na musamman daga gwamnatin tarayya, wanda a matsakaici ya kusan rupiya biliyan ɗaya a shekarar 2024. A 2024 aka tsawaita wa'adin shugaban ƙauye zuwa shekara 8. A can ƙasa kuma akwai ƙungiyoyin maƙwabta na gidaje 'yan gomomi, tsarin da ya samo asali daga mamayar Japan, kuma su ne ke fara sanin gidan da ruwa ya shiga da tsohuwar da ba ta iya fita.

Ruwa biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne ruɗanin yake. Abin da ya faru a 2024 ruwan kogi ne, ba na teku ba. Ranar 8 ga Fabrairu ganuwar kogin Wulan ta fashe a ƙauyen Ketanjung na gundumar Karanganyar bayan mamakon ruwa a tuddan kudu. Dubban mutane suka bar gidajensu, hanyar Demak zuwa Kudus ta rufe kwana da kwanaki, har babban zaɓen ƙasa na 14 ga Fabrairu sai da aka ɗage shi a ƙauyuka 10 zuwa 24 ga wata. Aka toshe wurin cikin gaggawa, a tsakiyar Maris ya sake fashewa, wasu kogunan ma suka tumbatsa, ruwa ya kai tsakiyar gari. Dalilin da ya sa hoton ambaliyar ya yi kama da tsohuwar taswira mai sauƙi ne: ruwa kwari yake nema, kuma inda mashigin yake a da shi ne mafi kwari. Hukumar binciken ƙasa ta Indonesiya ta fito ta ce mashigin Muria ba zai sake samuwa nan kusa ba.

Amma akwai ruwa na biyu, kuma shi ne ya fi ban tsoro domin ba ya jiran damina. Mutanen wurin suna kiransa rob: ruwan teku da ke hawowa idan teku ya cika, rana tsaka, ba hadari ba yayyafi, ya shiga ɗaki ya kwanta. A gundumar Sayung ya riga ya ci unguwanni. A ƙauyen Bedono an kwashe mutanen Tambaksari da Rejosari, kuma kabarin Shaikh Mudzakir da ke can yanzu a tsakiyar ruwa yake, masu ziyara suna isa ta siririyar gada ko ta kwalekwale. A Timbulsloko, inda dattawa suka noma shinkafa da hannunsu, gidaje a kan turaku suke, hanyoyin unguwa katako ne, maƙabarta ma sai da aka cike ta da ƙasa aka ɗaga.

Mutane da yawa suna jin haka sai su ce sauyin yanayi. Yana ciki, amma ba shi ne babba ba. Tekun duniya yana ƙaruwa da kamar milimita 3 zuwa 4 a shekara. Ƙasar gaɓar Semarang da Sayung kuwa a wasu wurare tana lotsawa da kusan santimita 10 a shekara. Wato ba teku ne ke hawa da sauri ba, ƙasa ce ke sauka. Ɗanyar lakar da muka ambata tana matsewa da kanta, nauyin gine-gine yana danna ta, sannan rijiyoyin burtsatse masu zurfi na masana'antu da gidaje suna zuƙe ruwan da ke riƙe da ita. A kan wannan aka ƙara wasu abubuwa biyu. A shekarun 1980 da 1990, da kasuwar jatan lande ta yi tashe, aka sare itatuwan bakau masu tsirowa cikin ruwan zartsi, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe laka suna karya ƙarfin igiya, aka mai da wurin tafkunan kiwo. Masu bincike da mazauna yankin kuma suna nuna yatsa ga gine-ginen tashar jiragen ruwa da cike-ciken teku na Semarang, waɗanda suka canza yadda igiya ke dukan gaɓar Sayung.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Sayung ba haka abin yake ba. Mai masana'anta yana da kuɗin ɗaga harabarsa da sayen injin zuƙe ruwa. Masunci da leburan da ke bayan katangarsa su ke cin bashi su sayi ƙasa mota-mota su ɗaga daɓen ɗaki, bayan 'yan shekaru su sake, har rufi ya matso kai, babban mutum sai ya sunkuya zai shiga gidansa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin.

To wa ke riƙe da ruwan?

Idan ruwa ya shiga gida, wurin shugaban ƙauye ake zuwa, shi kuma ya nufi camat, camat ya nufi bupati. Amma a duba abin da ke hannun bupati. Manyan kogunan, wato Jragung, Tuntang, Serang, Lusi da Juana, suna ratsa kabupaten da dama, don haka wata hukumar tarayya ce da ke ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka take kula da su da ganuwarsu. Hanyar Pantura ta tarayya ce. Teku kuwa, kafin 2014 kabupaten tana da iko da mil 4 na farko daga gaɓa, amma dokar waccan shekarar ta mayar da komai har mil 12 hannun lardi. Dazuzzukan da aka sare a tuddai aka shuka masara, abin da ke ƙara wa koguna laka da gudu, suna Grobogan da Blora da sauran maƙwabta. Wani ɓangare na masana'antun da ke zuƙar ruwan ƙasa kuma yana cikin birnin Semarang, mai nasa magajin gari.

Ba ina wanke gwamnatin Demak ba ne. Ita ke tsara inda za a yi gini da inda ba za a yi ba, ita ke da ƙananan magudanai, kuma ita ma tana son harajin masana'antu da ayyukan yi da suke kawowa Sayung. Amma tsarin da aka yi don kusanto da mulki ga jama'a ya bar wanda jama'a ke iya kamawa da ɗan guntun iko a kan ruwa, ragowar kuma yana hannun ofisoshin da mutumin Timbulsloko bai taɓa zaɓa ba. A tsakiyar 2025 dubban mabiya ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Ulama suka fito kan hanyar Sayung da ruwa ya saba kwanciya, suka yi addu'ar neman agaji a bainar jama'a. Addu'a ce, amma kuma saƙo ne zuwa Jakarta, domin sun san can maganin yake.

Ganuwa ko itatuwa?

Mafita biyu ake jayayya a kansu. Ta farko ita ce kankare. Ana gina babbar hanyar biyan kuɗi ta kusan kilomita 27 daga Semarang zuwa Demak. Sashen Sayung zuwa Demak an buɗe shi a Fabrairun 2023. Ɗaya sashen, wanda ya bi ta cikin teku, an tsara shi ya zama hanya kuma ganuwa a lokaci guda, kuma saboda taushin ƙasar sai da aka shimfiɗa gora hawa-hawa a ƙarƙashinsa. Shugaba Prabowo Subianto kuma yana maganar wata ƙatuwar ganuwa ta kusan kilomita 500 daga Banten zuwa Gresik, wadda ya ce za ta ci wajen dala biliyan 80. Masu goyon baya suna cewa mutumin da ruwa ke cikin ɗakinsa yau ba zai jira itace ya girma ba. Masu suka suna cewa ganuwa ba ta hana ƙasa lotsawa, ita ma da ita za ta sauka, kuma ƙauyukan da suka faɗo a wajenta, gabas da inda ta tsaya, suna fargabar igiyar da aka tare a can kansu za ta juyo.

Ta biyu ita ce a bar laka ta yi aikin da ta saba. Daga 2015 ƙungiyar Wetlands International da abokan aikinta na Holan da ma'aikatun Indonesiya suka gwada kafa shingayen gora da ƙirare a cikin ruwa, masu barin ruwa ya wuce amma su tare laka, domin in ta taru bakau ya tsiro da kansa. An kuma koya wa masu tafkuna kiwon da ba ya bukatar sare itatuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba wa aikin a 2022. A inda ƙasa ke sauka a hankali ya yi tasiri. A kusa da Semarang, inda take sauka da gudu, lakar ba ta iya cim mata, kuma masu aikin da kansu sun faɗi haka. A ganina duk ɓangarorin biyu suna komawa wuri guda: muddin ba a kai ruwan famfo na kogi ko madatsa ga masana'antu da gidaje an rufe rijiyoyi masu zurfi ba, ganuwa da itatuwa duk jinkiri suke saya. Tokyo ta yi fama da irin wannan lotsawa, kuma ta tsaya ne bayan an taƙaita zuƙar ruwan ƙasa.

Akwai kuma rigimar takarda, wadda ta fi shafar talaka kai tsaye. Da aka zo biyan diyyar filayen da hanyar za ta bi, sai aka tarar da yawansu suna ƙarƙashin ruwa. Dokar ƙasar tana da abin da take kira tanah musnah, wato ƙasar da ta hallaka: filin da ya ɓace har ba a iya gane iyakarsa, haƙƙin mallakarsa ya faɗi, mai shi ba diyya zai samu ba sai ɗan kuɗin jaje. Mutanen Sayung suka ce ba su yarda ba, ga takardunsu, ga rasit na harajin da suke biya, wasu ma har yanzu suna kafa raga suna kiwon kifi a kan gonakin nasu. Jayayyar ta jinkirta aikin, sai da gwamnati ta sake duba ƙa'idar biyan a 2023.

A ɗaya ƙarshen gaɓar kuma, a gundumar Wedung, akasin haka ke faruwa. Kogin Wulan, wanda ya fasa ganuwa ya cinye Karanganyar, yana zuba lakarsa a bakin teku, sabuwar ƙasa tana fitowa shekara bayan shekara. Ita ana kiranta tanah timbul, ƙasar da ta ɓullo, kuma a doka ta gwamnati ce, ko da yake mazauna wurin suna rige-rigen kafa turaku su mai da ita tafkin kifi. Kabupaten ɗaya, bupati ɗaya, gaɓa ɗaya da ba ta kai kilomita 40 ba: a Sayung mutum yana riƙe da takardar filin da babu, a Wedung yana tsaye a kan filin da ba shi da takarda.